Shekarar da Aka Ce Babanku Yana Shan Taba

Akwai maganar da na san ta shiga kunnuwanku tun kuna ƙanana. Ba wanda ya taɓa tambayata a cikinku, ni ma ban taɓa ɗauko ta ba. Kun ji an ce ciwon masu shan taba ne ya yi ajalin babanku. Kun kuma tashi kun tarar Kawu Haruna, yayana ciki ɗaya, yana zaune can Dogo ba ya tako gidan nan ko da Sallah, kuka yanke wa kanku hukunci cewa ya yar da ku ne ranar da kuka zama marayu. Na ji ɗayanku yana faɗin haka da bakinsa, ba sai na kama suna ba, mai shi ya san kansa. To, duka biyun ba haka suke ba. Yanzu da gwiwa ta zaunar da ni wuri ɗaya, bari in warware muku, kada in tafi da maganar ku ci gaba da ɗaukar alhakin mutum biyu.

Babanku baduku ne ɗan baduku, gidansu a cikin Birni tun kaka da kakanni. Da aka kawo ni, rumfarsa a ƙofar gida take, yana ɗinka jakunkuna da takalma da matasai na jar fata, baƙi na ratso rairayin lungu su zo su saya. Daga baya baƙin suka ɗauke ƙafa, takalman roba suka cika kasuwa, sai ya wuni da basilla a hannu ba wanda ya yi masa sallama. Shi kuwa mutum ne da ko yunwa za ta kashe shi ba zai ce wayyo ba. Yaya Haruna ne ya lura, don shi idonsa a kan tukunyata yake tun ina amarya. Mahauci ne, kuma shi ne babba a cikin masu babbakar kai da ƙafa a bakin babban titi, daidai inda manyan motoci masu bin hanyar Takieta suke tsayawa. Shi ya nema wa babanku wuri a nan, ya kafa masa rumfa da hannunsa. Ya ce mahauta kullum suna neman kube, direbobi da 'yan lodi takalmansu na tsinkewa, ga fata a kusa ba sai an je nema ba. Haka kuwa aka yi. Da wannan rumfa aka ciyar da ku, da ita aka sa ku lakwal kuka yi boko, kada wanda ya manta da wannan.

Muna yara, da itace da kara ake babbaka. Da itace ya yi tsada, wani mai dabara ya gano tsohuwar taya ta fi ci, ta fi daɗewa, kuma kusan kyauta ake samunta wajen masu faci. Kafin a ankara kowa ya koma taya. Tun hantsi hayaƙi ke tashi, baƙi ƙirin, mai maiƙo, ya kwanta a kan titi. Ga manyan motoci da ba a kashe su don tsoron kada su ƙi tashi, suna tsaye suna aman nasu. Ga bola a bayan katanga, duk sanda ta cika sai wani ya ƙyasta mata ashana, leda ta yi ta ci har ta kwana. Iska kuma yawancin shekara ta wajen rumfar babanku take bi. Yakan fita da farar riga ya dawo da ita kamar an goge gindin tukunya da ita. Ni abin da ya dame ni a lokacin sabulu ne, wallahi, a kansa nake mita. Ba wanda ya ɗauki hayaƙin waje a bakin komai. Cewa muke ai sarari ne, iskar Allah za ta kwashe. Kuma muna da maganinmu, wanda kowane mahauci da kowane bakanike a garin nan zai rantse maka a kansa, wai madara tana wanke ƙirji. Duk la'asar sai Yaya ya tsallako titi da kansa da gwangwanin madara, ya huda shi da tsinin wuƙa, ya miƙa wa babanku.

"Malam, sha ka wanke," in ji shi.

Shi kuma ya karɓa da hannu biyu, don yayan matarsa ne, ya shanye ya yi godiya. Shekara da shekaru a haka, har furfura ta fito musu su biyun.

Abin da babanku ya fi so a duniya, in aka cire ku, zaman wazifa ne. Ɗan ɗarika ne tun yana saurayi. Kullum in an yi magariba za a shimfiɗa farin ƙyalle a zawiyar unguwa, a kewaye shi gwiwa na gugar gwiwa, shi wurinsa na dama da muƙaddami, Malam Laminu, abokinsa tun na makarantar allo. A ɗarikarsu kuwa, kun sani, taba ba abin wasa ba ce. Wanda ya sha ta ba ya zama a da'ira sai ya tuba an sabunta masa izinin ɗarika. Babanku ya riƙe wannan da ƙarfi. In mai sigari ya kawo masa gyaran takalmi sai ya roƙe shi ya kashe ta tukuna. Yana zaune tsamo-tsamo cikin hayaƙin taya yana korar ɗan hayaƙin sigari da hannu, kuma a lokacin ba wanda ya ga abin dariya a ciki, har ni.

Shekarar da nake ba ku labari, tari ya kama shi bayan damina. Muka ce sanyi ne. Aka sha citta, aka sha kanumfari da zuma, Yaya ya ninka madara. Tari bai tafi ba. Ya fara ramewa, rigunansa suka yi masa yawa, rannan ina wanki na ga jini a ƙyallen da yake rufe baki da shi. Malam Laminu ne ya raka shi asibiti. Aka fara neman tarin fuka, aka ce ba shi ba ne. Aka yi masa radiyo, wato hoton ƙirji. Lokotoron da ya duba shi, wani saurayi mai gaggawa, ya ɗaga hoton ta wajen taga, ya juyo.

"Baba, sigari kara nawa kake sha a rana?"

"Ban taɓa sa ta a bakina ba," in ji babanku.

"Ko da can, kana saurayi? Faɗi gaskiya, nan ba a jin kunya. Irin wannan hoton wajen masu shan taba muka saba ganinsa."

Duk a kunnen Malam Laminu. Ba mugu ba ne, Allah ya ji ƙansa, amma cikinsa ba ya riƙe magana, kuma abin ya tsaya masa a rai. Ya shawarci dattijo ɗaya a asirce. Dattijon yana da mata, matar tana da maƙwabta. Magana kuwa zarar bunu ce. Kafin mu gama haɗa guzurin tafiya Yamai, inda aka tura mu, rabin Birni sun san wai Malam baduku ashe yana zuƙa a ɓoye.

A Yamai Allah ya haɗa mu da lokotoro mace, 'yar Maraɗi, Hausa a bakinta ba sai da tafinta ba. Bayan an gama gwaje-gwaje ta zaunar da mu ta faɗi sunan ciwon, ciwon daji ne a huhu, kuma ya yi nisa. Ta ce za su ba shi abin da zai rage masa wahala. Ita ma ta yi tambayar taba, amma sau ɗaya, da ya ce a'a ta yarda. Sai ta shiga wasu tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi mana. A ina yake wuni, me ake ƙonawa a wurin, tun yaushe. Babanku yana ba ta amsa a hankali, ita kuwa ta ajiye biro ta zuba masa ido.

"Ba zan rantse muku cewa ga abu ɗaya da ya jawo shi ba," in ji ta. "Amma muna ganin wannan ciwo ga mutanen da ba su taɓa shan taba ba. Hayaƙin da mutum ke shaƙa a waje shekara da shekaru, na taya, na mota, na bola, yana iya kawo shi."

Na ce, "Ai kullum yana shan madara, 'yar nan. Bai taɓa fashi ba."

Ba ta yi mini dariya ba, Allah ya yi mata albarka. Ta ce, "Inna, madara ciki take tafiya, hayaƙi kuwa huhu. Ko a hanya ba sa gamuwa."

Na fito daga ɗakin nan da baƙin ciki, amma a ƙarƙashinsa akwai wani ɗan sanyi, don na sami abin da zan toshe bakin Birni da shi. Ashe ban san mijina ba. Muna cikin kar, babbar motar fasinja, a hanyar dawowa, mun wuce Takieta gari ya kusa, ya juyo ya kira sunana, abin da ba kasafai yake yi ba.

"Falmata, maganar taya ta tsaya a Yamai."

"Malam, ka san abin da ake faɗa a gari kuwa?"

"Na sani. In kika faɗi wannan, unguwa za ta taso wa yayanki. Gida nawa ke ci a wurin nan? Mutumin da ya kafa mini rumfa da hannunsa, da wannan zan saka masa? Allah ya san ban sha ba. Ya isa."

Na yi shiru, don ba a musu da mara lafiya a cikin mota. Amma ku da kuka san ni kun san shiruna ba yarda ba ne.

Muka dawo aka shiga zuwa dubiya. Mata su zauna a tsakar gidana, su sha ruwana, su yi ta kewaye-kewaye. Wata ta ce maza ai ba a shaidarsu, ko kin shekara ɗari da su. Wata ta ce ruwa ba ya tsami banza. A gidana, a kan tabarmata. Na cije leɓe har ya kusa tsagewa. Wannan duk mai sauƙi ne, bakin mata ne, na saba da shi, ni ma ina da nawa. Wanda ya yi ciwo na zawiya ne. Babanku yana iya takawa da sanda a lokacin, kullum magariba sai ya lallaɓa ya je. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya gaya masa baƙar magana. Sai dai wanda ke zama kusa da shi ya fara ɗan matsawa, gwiwa ta daina taɓa gwiwa. Shi bai gaya mini ba, a bakin matar wani na ji. Sannan rannan da hantsi Malam Laminu ya yi sallama, suka zauna a zaure. Na kawo ruwa, ina bayan ƙyaure na ji yana magana ƙasa-ƙasa, da tausayi, kuma tausayin ne ya fi komai zafi.

"Ɗan'uwa, dukanmu masu kuskure ne. In akwai wani abu tsakaninka da Ubangijinka, ƙofar tuba a buɗe take. Sai in sabunta maka a nan, ni da kai, ba wanda zai ji."

Babanku ya dube shi. Can ya ce, "Na gode, Malam."

Daga ranar bai sake zuwa zawiya ba. In ya karɓi sabuntawa ya amsa laifin da bai yi ba, in ya ƙi ya zauna a cikinsu suna zarginsa, sai ya zaɓi gida. Magariba na yi zai sa in shimfiɗa masa buzu a gindin katanga, ta wajen da muryoyinsu ke tsallakowa, ya riƙe carbi yana bin su da leɓe. Ciwo ya ci namansa bai yi hawaye ba ko sau ɗaya. A gindin katangar nan na ga hawayensa. Mutumin da bai tara komai a duniya ba sai sunansa da wurin zamansa a da'ira, ga shi zai tafi ba ko ɗaya, kuma ku za a bar wa gadon maganar.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na sami wata kafa a cikin umarninsa ba. Ya hana, na ji da kunnena, na saɓa. Kuma da za a mayar da ni wannan safiya, mayafin nan zan sake ɗauka. Abu ɗaya na yi masa, ban kai maganar gari ba, wajen mai ita na kai. Duk shekarun nan ban taɓa taka wurin babbaka ba, matar aure me za ta je yi. Ina isa idona ya fara ruwa, maƙogwarona ya ɗau ɗaci. Na ga rumfar babanku a rufe, tabarmar da aka jingina ta yi baƙi kamar ba kaba ba. A nan yake wuni tun kuna goye. Yaya yana tsaye a kan wuta da ƙarfe a hannu yana juya kan saniya. Da ya gan ni sai ya saki ƙarfen.

"Lafiya, Falmata? Jikin Malam ne?"

Na ja shi gefe na zayyana masa abin da lokotoro ta ce, ban rage ba ban ƙara ba, har maganar madara. Fuskarsa ta canza. Yayana mutum ne mai zuciya, gidanmu duk haka muke.

"Wato ni na kashe miki miji kenan? Ni da nake tsaye a kan wutar, ga ni garau!"

"Ban ce ba, Yaya. Ita ma ba ta ce ba. Ga motoci, ga bola, kuma ajali na Allah ne. Amma gari na cewa ya sha taba a ɓoye. Ya bar zawiya. Yana da amsar da zai wanke kansa, ya ƙi faɗa, ni ma ya hana ni, don kada a taɓa abincinka."

Ya tsaya yana kallona.

"Shi ya hana ki?"

"Shi."

Ya sunkuya ya ɗauki ƙarfensa. Kan saniyar nan yana ta ƙonewa, bai juya shi ba. Ya ce in tafi gida, na tafi. Ranar bai aiko da madara ba, bai kuma zo dubiya ba, na ce a raina shi ke nan, na rasa ɗan'uwa ban kuma ceci miji ba.

Abin da ya faru ranar Juma'a ban gani da idona ba, amma mutum fiye da ɗaya ya ba ni labari kuma bakinsu ya zo ɗaya. Bayan la'asar, lokacin da zawiya ta fi cika saboda zikirin Juma'a, Yaya ya je. Shi ba ɗan ɗarika ba ne, bai taɓa shiga wurin ba. Ya zauna a bakin ƙofa wajen takalma har aka gama, sannan ya miƙe.

"Ni ba malami ba ne, mahauci ne, ku yi haƙuri da bakina. Duk shekarun da Malam baduku ya yi a rumfarsa ina tsallaken titi ina kallonsa, daga hantsi har rana ta faɗi. Da ya taɓa kunna sigari, ni zan fara gani. Hayaƙin da ya shiga ƙirjinsa ni na hura shi, da taya, kullum ta Allah. Lokotoron Yamai ta ce irinsa yana kawo wannan ciwo. Ya sani, ya rufa mini asiri, ya bar ku kuna zarginsa. In mai tuba kuke nema, ga ni."

Aka ce Malam Laminu ya sa hannun riga ya rufe fuska.

Abin da babanku ya ji tsoro kuwa shi ya faru, bai yi kuskure ko kaɗan ba. Masu gidaje a bakin titi, waɗanda da ma suke ciki da hayaƙin, suka sami abin riƙewa. Aka je wajen mai unguwa, aka je meri, ofishin magajin gari, ba a daɗe ba aka ce masu babbaka su koma bayan gari. Mahauta suka ce Haruna ya fasa musu tukunya da bakinsa, suka sauke shi daga shugabanci, wasu ko gaisuwarsa suka daina amsawa. Kafin damina ta kewayo ya kwashe iyalinsa ya koma gonar mahaifiyarmu a Dogo, mutumin da bai taɓa riƙe hauya ba. Wannan shi ne kuɗin sunan babanku, kuma kawunku ne ya biya. Ni kuwa da labarin abin da ya faru a zawiya ya iso gida, babanku ya dube ni ya ce, "Na ce ki bari." Iyakar faɗan da ya yi mini kenan. Ya wuni bai yi mini magana ba, da yamma ya karɓi kunu a hannuna.

Washegari da magariba muka ji sallama, murya da yawa. Malam Laminu ne a gaba, farin ƙyallen a ninke a kan hannunsa, 'yan zawiya duka a bayansa. Ya durƙusa gaban babanku ya nemi gafara, sauran ma haka. Suka shimfiɗa ƙyallen a zauren gidan nan, wannan da kuke ajiye babura a ciki yanzu, suka tallabo shi suka zaunar da shi dama da muƙaddami, suka matso har gwiwa ta taɓa gwiwa. Numfashinsa bai isa ya ɗaga murya ba, amma ina tsakar gida ina jin tasa a cikin tasu. Haka suka riƙa zuwa kullum har ranar da Allah ya karɓi abinsa.

A wannan rana ta farko, da aka shafa fatiha aka watse, Malam Laminu ya leƙo ya ce Haruna yana tsaye a lungu tun da aka fara. Babanku yana jingine da bango, ya gaji, amma ya ɗago.

"Yaya Haruna ne a waje? Je ki ce ya shigo. Ki ce ni na ce."

Na fita. Yana tsaye a jikin katanga, ya yi wanka, ya sa sabuwar riga, irin shigar da ba ya yi sai Sallah. Na ce Malam na kira, ya ce ka shigo. Ya dubi ƙofar zauren, ya dubi hannayensa.

"Ki ce masa ina warin hayaƙi."

"Haba Yaya, ai ka yi wanka."

"Ba ya fita, Falmata."

Ya ce in gaishe shi, ya juya ya bi lungu. Bai shigo ranar ba, kuma har yau da nake rubuta muku wannan bai sake tsallake dokin ƙofar gidan nan ba.